Injin wankina yana tafiya da kansa a kan daɓen siminti, yaya zan daidaita shi?

Wata uwargida daga Badariya, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan injin wanki. Mun sayi mai buɗewa ta gaba, mai ɗaukar kilo 7, muka ajiye shi a rumfar bayan kicin, inda daɓen siminti ne, ba tayil ba. Magini ya karkatar da daɓen zuwa wajen kwata domin ruwa ya riƙa gangarawa, sannan akwai ɗan loko a kusurwa guda inda simintin ya farfashe. Lokacin wanki lafiya lau yake, amma da zarar ya fara matse kaya sai ya kama jijjiga da ƙara, yana matsowa gaba har ya ja tiyon ruwa. An cusa kwali a ƙarƙashin ƙafar da ke lilo, kwalin ya jiƙe ya lotse, aka koma gidan jiya. Shin injin ne ke da matsala, ko daɓen?

Mai gyaran kayan lantarki daga Jega

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a ɗora wa daɓe laifi, a leƙa bayan injin a tabbatar an kwance manyan notuna uku ko huɗu da kamfani ke ɗaure gangar ciki da su saboda jigila. Muddin suna nan, gangar ba za ta yi lilo a kan sifirin ɗinta ba, sai duk girgizar ta koma jikin injin, kuma ko a kan daɓen da ya fi kowane kyau sai ya yi tsalle. Masu kawo kaya da yawa ba sa cire su, ba sa kuma faɗa.

Idan an riga an cire, sai a koma kan ƙafafu. Kowace ɗaya daga cikin huɗun tana murɗuwa ta tsawaita ko ta gajarta, kuma a samanta akwai noti mai kulle ta. A zare filogi, a sassauta notunan da sifana, a murɗa dukkan ƙafafun su koma ciki, sannan a tsawaita waɗanda ke wajen gangara kaɗai, domin gajeriyar ƙafa ta fi doguwa ƙarfi. A aro lebur (ma'aunin daidaito mai kumfa a ciki) wajen magini a ɗora a saman injin, daga hagu zuwa dama, sannan daga gaba zuwa baya, har kumfar ta tsaya a tsakiya.

Sai dai a gani na, lebur ba shi ne alƙali na ƙarshe ba. Injin da ya ɗan karkata kaɗan amma ƙafafunsa huɗu suka dafe ƙasa ya fi wanda kumfa ta tsaya daidai alhali ƙafa ɗaya na reto. Ki sa hannu ɗaya a kusurwar gaba ta hagu, ɗaya a ta baya ta dama, ki danna su bi da bi, sannan ki sauya zuwa sauran biyun. Idan kika ji ko ɗan ƙwas, akwai sauran aiki. Bayan haka a ƙara wa notunan ƙarfi har su manne da gindin injin, domin gangar da ke juyawa sau 1000 ko 1200 a minti guda za ta warware ƙafar da ba a kulle ba.

Magini daga Argungu

Malam ya yi bayani mai kyau, amma ƙafafun nan ba su da tsawon da zai cike kowane loko. Abin da suke iya gyarawa bai wuce santimita ɗaya ko biyu ba. Hajiya, a ɗora miƙaƙƙen katako a wurin a auna ratar da ke ƙarƙashinsa. Idan ta fi haka, maganin shi ne a zuba ɗan dandamali mai faɗin santimita 70 a kowane gefe, tunda irin wannan injin faɗinsa kusan 60 ne, kaurin dandamalin kuwa santimita 5 zuwa 8. A sassare tsohon daɓen ya yi kaushi, a wanke ƙura, a jiƙa shi, sannan a zuba kwaɓin awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na ƙananan tsakuwa, a daidaita samansa da lebur. Kada a goge shi ya yi sulɓi, domin ƙafar roba ta fi kama wuri mai ɗan kaushi.

Inda mutane ke yin asara a nan ƙasarmu shi ne wajen ban ruwa. A zafin Maris da Afrilu, ko cikin iskar hunturu, siminti na bushewa kafin ya yi ƙwari, sai ya riƙa murmushewa. A rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7, kafin a ɗora masa injin da nauyinsa ke kai kilo 60 zuwa 70.

Wata malama daga Yauri

'Yar uwa, idan gidan haya kike, mai gida ba lallai ne ya yarda da sabon gini ba. Ni faffaɗan katako mai kauri aka yanka mini, aka cike ƙarƙashinsa ta wajen gangara da yankan tsohuwar taya, aka buga su da ƙusa domin kada su zame, kuma an ɗaga shi yadda ruwan wanki zai bi ta ƙasa. Ki kuma lura da abin da kike zubawa: bargo guda ko dardumar salla mai kauri, idan suka sha ruwa, sukan dunƙule a gefe ɗaya, ko injin da ya zauna daram sai ya girgiza. Ki haɗa su da tawul biyu ko uku domin nauyin ya rarrabu.

Mai gyaran kayan lantarki daga Jega

Shawarar Malama tana aiki, da sharaɗin a shafa wa katakon fenti ko man katako saboda ruwa da gara, kuma a sake daidaita ƙafafun a kansa kamar yadda na faɗa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗora irin wannan injin a kan bulo huɗu ko gadon ƙarfe mai tayoyi, domin idan ƙafa ɗaya ta zame yana tsakar matsa, faɗuwar tana iya tsinke tiyo da wayar wuta a wurin da ruwa yake. Hajiya, bayan an gama, ki kunna shi babu kaya a zangon matsa kaɗai. Idan har lokacin yana buga ƙara kamar ana gurza ƙarfe, a kira mai gyara ya duba boris da abubuwan da ke tare girgiza a ƙarƙashin gangar.