Shin ledar da ake yi da tsirrai tana ruɓewa da gaske?

Ɗalibi daga Zariya:
Assalamu alaikum, malamai. Na karanta cewa masana sun duƙufa wajen samar da roba daga masara da rake da rogo, a madadin wadda ake yi da man fetur. Idan aka yar da irin wannan leda a bola ko a kwata, za ta ruɓe, ko ita ma akuya za ta haɗiye ta ta zauna mata a tumbi? Kuma ina binciken ya dosa yanzu?

Malamar Sinadarai:
Wa alaikumus salam. Fitowa daga tsiro daban, ruɓewa daban. Kamfanin Braskem na Brazil yana yin roba daga rake tun 2010, amma sinadarinta ɗaya ne da na ledar kasuwa, saboda haka ba ta ruɓewa. Ita kuwa robar da ake kira PLA, wadda ake samu bayan an tsima sitacin masara ko sukari, sai a masana'antar mayar da shara taki mai zafin kusan digiri 58 na ma'aunin Celsius da wadatacciyar laima take ruɓewa cikin watanni. A bolar unguwa za ta daɗe tana nan. Wadda masu bincike suka fi sa wa rai ita ce PHA, wadda ƙwayoyin bakteriya ke tarawa a jikinsu a matsayin guzuri. Wani Bafaranshe, Maurice Lemoigne, ya gano nau'inta na farko a 1926. Tana ruɓewa a ƙasa har da ruwan teku, sai dai tsada ta hana ta yaɗuwa.

Manomin Rogo:
Malama, abin da ke damuna shi ne abinci. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, amma idan masana'antu suka shiga kasuwa suna saye don yin leda, talaka ne zai ji a kwanon gari.

Malamar Sinadarai:
Damuwarka tana kan hanya, Malam, kuma ita ce ta karkatar da bincike zuwa abin da ake zubarwa: ɓawon rogo, tukar rake, buntun shinkafa da ragowar man girki. Kamfanin Notpla na Landan ma ciyawar teku yake sarrafawa, wadda ba ta cin gona ko taki, har ya samu kyautar kare muhalli ta Earthshot a 2022. Duk da haka, cikin fiye da tan miliyan 400 na robar da duniya ke samarwa a shekara, wadda ake yi da tsirrai ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A ganina, ɓawon da ke jibge a bayan injinan gari shi ya kamata jami'o'inmu su fara gwadawa.