Wace kalma za mu sa wa "dilushan"?

Ma'aikaciyar jinya: Assalamu alaikum. Ana buƙatar kalmar Hausa ta dilushan, wato mutum ya yi imani da abin da ba gaskiya ba, don yi wa iyalan masu sikizofireniya (wani nau'in taɓin hankali) bayani, musamman nau'in nan da ba a cika gani ba, wanda ya shafi so da jima'i. Waswasi za mu ce, ko ruɗani?

Likitan ƙwaƙwalwa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ko ɗaya bai hau ba. Mai waswasi ya san tunanin nasa ba daidai ba ne, kokawa yake yi da shi. Mai ruɗani kuwa bai san yau wace rana ba, bai san inda yake ba. Mai dilushan ya san rana, ya san wuri, abu guda ne ya kafe a kai, ko an baje masa hujja ba ya gezau.

Malamin Hausa: To Likita, kai da bakinka ka faɗi kalmar. Da wahami na yi niyyar kawowa, amma shi ya fi karkata ga shakka da fargaba, alhali mutumin nan ba ya shakka. Mu ce kafaffen ruɗu, sai a rataya wa kowane nau'i sunansa: ruɗun so, ruɗun kishi, ruɗun ciki.

Likitan ƙwaƙwalwa: Na yarda, Malam. Ruɗun so shi ne erotomaniya, wanda likitan Faransa de Clérambault ya bayyana a 1921: mutum ya haƙiƙance wani babba da ya fi shi matsayi na son sa a ɓoye, har korar da aka yi masa yakan ɗauke ta alamar ƙauna. A wannan da ruɗun kishi dole a tambaya ko yana bibiyar wani, ko ya taɓa barazana. Akwai kuma wanda zai ce al'aurarsa na shigewa ciki ko an musanya masa ita. A tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa yunƙurin yanke ta.

Malamin Hausa: Sai dai na janye "ruɗun ciki". Kunne zai ji ruɗewar ciki, a zaci gudawa ake nufi. Ruɗun juna biyu ya fi, wato mace ta kafe cewa tana da ciki alhali babu.

Masaniyar magunguna: Madalla, don nan ne aka fi tuntuɓe. A fara da gwajin ciki, kada a ce ai ruɗu ne alhali da gaske take. In babu, a duba maganin da take sha. Magungunan sikizofireniya irin su risperidone da haloperidol na ɗaga furolaktin, sinadarin da ke sa nono ya kawo ruwa: al'ada ta ɗauke, nono ya fara ɗigo, jiki ya ƙara nauyi. Mace ta ga ruwan nono a rigarta, wata uku ba jini, wa zai ce mata ba ta da ciki? Maganin ne da kansa ke ba ruɗun hujja. A auna furolaktin, in ya hau likita ya duba komawa aripiprazole, wanda ba ya ɗaga shi.

Sauran kuwa tsarin maganin sikizofireniya ne: risperidone miligiram 2 zuwa 6 a rana, ko olanzapine 10 zuwa 20, a ba shi mako 4 zuwa 6 kafin a ce ya gaza. In magunguna biyu suka gaza, sai clozapine, da gwajin jini duk mako, tsawon mako 18 na farko a tsarin Ingila, domin yana iya karya fararen ƙwayoyin jini. Da yawan maza kan daina shan magani shiru saboda ya rage musu ƙarfin jima'i, kunya ta hana su faɗa. Sai an tambaya.

Ma'aikaciyar jinya: Na gode ƙwarai. "Kafaffen" ɗin ma zai taimaka wajen gaya wa iyali kada su yi musu da mai ruɗun juna biyu, kada kuma su gaskata ta. Ko hoton mahaifa aka nuna mata, cewa za ta yi ɗan ya ɓuya. Su tambaye ta barcinta da abin da ke tsorata ta, su tabbatar ta sha magani. Zan rubuta kafaffen ruɗu, da ruɗun so, ruɗun kishi, ruɗun juna biyu. Na al'aura kuma a bayyana shi da cikakkiyar jimla.