Tsohuwar laftof da ba ta barci idan an rufe murfi: wa ya taɓa shawo kan wannan?

Ɗalibi daga Yelwa, Bauchi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ThinkPad T430 ta hannu, ƙirar 2012, RAM ɗinta giga 8. Da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 ba ta karɓar furosesa irin tata, sai na ɗora mata Linux Mint. Komai lafiya lau, abu ɗaya ne ya dame ni. Idan na rufe murfi na saka ta a jaka, kafin Keke Napep ya kai ni cikin gari sai in tarar da jakar ta ɗau zafi, fanka na ta hurawa, cajin da na sha wahalar tarawa ya tafi. Wata rana kuma takan yi barcin, amma in na buɗe sai allon ya tsaya baƙi ƙirin, dole in danne maɓallin kunnawa har ta mutu, aikin da ban adana ba ya bi ruwa. Kun san yadda wuta take a wajenmu. Duk wanda ya taɓa fama da irin wannan don Allah ya faɗa mana yadda ya yi.

Mai gyaran kwamfuta a Wunti:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ciwo biyu ka kawo, kada ka haɗa su. Farkawa cikin jaka daban, baƙin allo daban.

Na farkon kusan kullum sai an kawo mini irinsa. Kwamfutar takan yi barci, wani abu ne ke tashinta nan take. Kafin ka taɓa komai, zare duk abin da ke jikin ramukan USB, musamman ɗan mitsitsin nan na linzami marar waya da mutane ke mantawa da shi a jiki. Linzamin na motsi a jaka, ita kuma tana ɗauka kai ne ka dawo. Sannan ka buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta cat /proc/acpi/wakeup. Za ka ga jerin sunaye kamar LID, EHC1, EHC2, XHCI da IGBE. Duk wanda aka rubuta enabled a gabansa yana da izinin tashinta. LID murfi ne, bar shi. EHC da XHCI na USB ne, IGBE kuma ramin wayar intanet. Ka rubuta echo XHCI | sudo tee /proc/acpi/wakeup don cire wa XHCI wannan izini, ka gwada barcin, in ta sake farkawa ka matsa na gaba. Wannan gyara ba ya ɗorewa, da ka sake kunna kwamfutar zai koma yadda yake. Idan ka gano mai laifin ka dawo in nuna maka yadda ake sa umarnin ya riƙa gudana da kansa.

Ka kuma shiga BIOS, wato saitin kwamfutar da ake shiga lokacin kunnawa, F1 ake dannawa a ThinkPad, ka kashe Wake on LAN da Always On USB. Na biyun yana barin wuta a ramin USB ko tana barci don cajin waya, kuma daga batirinka yake sha.

Mai rubuta manhaja daga Tumfure, Gombe:

Ni tawa maganinta a GRUB yake, wato manhajar da ke tayar da Linux idan an kunna kwamfuta. Na duba cat /sys/power/mem_sleep na ga s2idle ne aka zaɓa, wato barcin sama-sama, allo a kashe amma cikin na nan yana cin wuta. Na ƙara mem_sleep_default=deep a fayil ɗin /etc/default/grub, na yi sudo update-grub, tun daga ranar take kwana da cajinta.

Mai gyaran kwamfuta a Wunti:

Malam, gaskiyarka, amma ina kyautata zaton taka sabuwa ce. Na 2011 da 2012 irin su T420, T430, EliteBook 8470p da Latitude E6430 duk suna da cikakken barcin nan da ake kira S3, inda komai ke mutuwa sai RAM kaɗai ake bar wa 'yar wuta. Ya duba dai, ba ya cin komai. In ya ga deep ne aka zaɓa to ba nan matsalarsa take ba.

Malamar sakandare daga Azare:

Ni ban san Linux ba, Windows 10 ce a kan HP EliteBook ɗina har yau, amma bari in faɗi abin da ya same ni ko wani zai amfana. Bayan an sake mini Windows a wani shago, na nemi Sleep a wajen kashewa na rasa gaba ɗaya. Rufe murfi kuwa allo kawai yake kashewa. Ƙanin maigidana ne ya rubuta powercfg /a, ta nuna masa cewa ɓangaren hoto ne ya hana. Ashe ba a saka direban Intel ba, an bar ta da wanda Windows ke lallaɓawa da shi, Microsoft Basic Display Adapter. Yana saka direban gaskiya barci ya dawo, har hasken allo da ya ƙi raguwa ya fara jin magana. Masu sake Windows, don Allah ku riƙa ƙarasa aiki kafin ku miƙa wa mutum kayansa. Mu ba mu san abin da za mu duba ba, amana muka ba ku.

Ya kuma koya mini powercfg /lastwake, wanda ke faɗin abin da ya tashe ta na ƙarshe. Nawa linzami ne, kamar yadda Malam na Wunti ya ce.

Mai shagon buga takardu a Gwallameji:

Duk na ji bayananku, amma ni ina da ja a kan barcin kansa. Shekaru nake wannan sana'a kusa da makaranta, lokacin rubuta furojet ɗalibai kan cika shagon, kuma abin da na gani shi ne tsohuwar kwamfuta mai raunin batir ba a dogara da barcinta. Barci yana riƙe aikinka ne a RAM, RAM kuwa sai da wuta. Batirin ya mutu cikin dare, aiki ya tafi. Na ga yarinyar da ta zauna tana kuka a kan bencina saboda babi guda da ta kwana tana bugawa, ta rufe murfi da asuba, da rana ta buɗe babu komai.

Lokacin duhun nan na watan Oktoba 2024, da Arewa ta kwashe kwanaki babu wuta, inji nake tayarwa na ɗan lokaci in kashe saboda tsadar mai. Abin da ya cece ni Hibernate ne. Shi yana kwashe duk abin da ke RAM ya rubuta a hadis, wato hard disk, ma'ajiyar fayilolin kwamfuta, sannan kwamfutar ta mutu murus. Ko ka cire batirin ka ajiye ta mako guda, kana kunnawa za ka tarar da takardarka a layin da ka tsaya. A Windows ana kunna shi da powercfg /h on, sai ka je wajen zaɓin abin da rufe murfi zai yi ka mayar da shi Hibernate. Tashinsa ya fi na barci jinkiri, amma in ka sa SSD, wato irin hadis ɗin nan mai sauri, ba ka gama gyara zama ba ta dawo.

Akwai kuma matakin da kwamfuta ke ɗauka idan caji ya kusa ƙarewa. Yawanci an ajiye shi ƙasa sosai, wajen kashi 5. Tsohon batir ba ya kai wa nan, yana nuna 30 sai kawai ya faɗi. Ni na ɗaga nawa sama don ta samu sararin adana aiki kafin ya yanke.

Mai rubuta manhaja daga Tumfure, Gombe:

Alhaji ya faɗi gaskiya, sai dai a Mint aikin ya ɗan fi haka. Ba a kunna Hibernate tun farko, kuma wurin da take yankawa a hadis don juye abin da ke RAM, swap, giga 2 ne kawai. Mai RAM giga 8 gara ya yanka wajen giga 8 ko sama, sannan ya nuna wa GRUB inda yake da resume=UUID. Idan fayil ne ba yankin hadis ba sai an ƙara resume_offset, lambar da ke nuna inda fayil ɗin ya fara a hadis. Secure Boot ma, wani saitin tsaro a BIOS, in yana kunne yakan hana. Da zarar ya yi aiki akwai systemctl suspend-then-hibernate, wanda na fi so: ta fara da barci, in lokacin da ka sa a HibernateDelaySec ya cika ba ka dawo ba, ta farka da kanta ta rubuta komai a hadis ta mutu. Tsakanin lacca da lacca tana tashi nan take, in ka manta da ita cikin dare kuma ba ka yi asara ba.

Mai gyaran kwamfuta a Wunti:

Saura baƙin allo. Wasu T430 suna da katin hoto biyu, na Intel da NVIDIA NVS 5400M. Rubuta lspci ka gani. In akwai NVIDIA, shiga BIOS, Config, Display, ka zaɓi Integrated Graphics. Tsohon katin nan direbansa ya daɗe da zama baya, shi ne yakan ƙi farkawa, ga zafi ga shan batir. Don rubutu da karatu da kallo na Intel ya wadatar. In kuma babu NVIDIA, bayan ta maƙale ka kunna, rubuta journalctl -b -1 ka karanta layukan ƙarshe, nan take barin labarin abin da ya riƙe ta.

Batir kuma, kafin kowa ya zargi manhaja ya auna shi. A Linux upower -d zai nuna energy-full da energy-full-design, a Windows powercfg /batteryreport. Mai sel 6 na T430 yana sabo wajen 57Wh ne. In naka ya koma ƙasa da rabi, babu saitin da zai mayar da shi saurayi. In za ka sayi wani ka je da kwamfutar a gwada a gabanka, domin T430 tana tantance batir, wanda ba ta yarda da shi ba za ta yi aiki da shi amma ba za ta yi masa caji ba. Na sha ganin wanda ya sayo a leda ya dawo yana cewa cajarsa ce ta lalace.

Ma'aikacin lafiya daga Dukku:

Abin da zan ƙara na TLP ne, wata manhajar Linux mai tsimin batir. Na saka shi a T420, ya rage shan wuta sosai, fanka ma ta yi shiru. Amma modem ɗina na USB ya riƙa yankewa ina tsakiyar tura rahoton wata, sai da na sa USB_AUTOSUSPEND=0 a /etc/tlp.conf ya daina. Na kuma sa caji ya riƙa tsayawa a kashi 80, saboda batirin lithium ba ya son zama a cike cikin zafi, mu kuwa a Maris da Afrilu zafin kan haura digiri 40.

Malamar sakandare daga Azare:

Malam, wannan na 80 ɗin ni ban gamsu ba. Wanda wutarsa ke zuwa awa biyu ta tafi, ya za a ce ya bar kashi 20 a bango? Ni in ta zo cikawa nake yi har wuya.

Ma'aikacin lafiya daga Dukku:

Malama, kina da hujja. Ni a wurin aiki muna da sola, kwamfutar kan wuni a jone, shi ya sa ya dace da ni. Ranar da zan shiga ƙauye nakan rubuta sudo tlp fullcharge ta cika. Mai irin wutarku ya bar shi a 100, ya dai guji ajiye ta a mota cikin rana ko a kan katifa. Ƙurar hunturu ma tana toshe fanka, a riƙa kaiwa ana hurewa kafin bazara.

Ɗalibi daga Yelwa, Bauchi:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda aka kwana. XHCI ne ke tashinta, kuma ɗan linzamin ne a ramin USB mai launin shuɗi. Tawa tana da NVIDIA, na koma Intel, baƙin allo bai sake dawowa ba, zafinta ma ya ragu. mem_sleep kuwa deep na tarar. Batirin 24Wh ya nuna, don haka shawarar Alhaji zan bi. Na yanka swap giga 10 amma Hibernate ɗin bai yi ba tukuna, tana mutuwa ta tashi kamar sabon kunnawa, ina zargin resume_offset ne ban sa daidai ba. Yayana na Tumfure, wane umarni kake amfani da shi wajen samo lambar? Malam na Wunti kuma, gobe in sha Allahu bayan la'asar zan biyo shago a hure fankar, a nuna mini yadda zan ɗaure XHCI ɗin.