Gado a hostel, ɗakin haya ko gidan Goggo? Ku ba ni shawara kafin Alhamis

Yayar Marayu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Autarmu ta samu gurbin karatu a ABU Zariya, ajin farko, fannin haɗa magunguna. Mu a Funtuwa muke. Baba ya rasu bara waccan, da albashina na koyarwa nake riƙe da karatun nata. Allah ya taimaka ta samu gado da sunanta a Amina Hall, sai dai an ce a biya kafin Alhamis ko a ba wata. Abin da ya hana ni barci shi ne tana da asma, hayaƙin risho ko ƙura kaɗan sai ƙirjin ya toshe. Ƙawarta ta ce su haɗa kuɗi su kama ɗaki a Hayin Dogo. Goggonmu da ke Tudun Wada kuma ta ce kada a kuskura a kai yarinya ko'ina, ga gidanta nan. Duk abin da na tara dubu 180 ne, har da abincin zangon farko a ciki. Waɗanda suka zauna, musamman mata, wanne za ku zaɓa wa taku?

Ɗan Kwangila: Wa alaikumus salam. Ki bar shi ya shiga hostel kawai, namiji sai da gogayya. Ni shekara uku na yi a hostel ɗin Danfodio, abokan da na yi a can su ne abokaina har yau.

Yayar Marayu: Mace ce, Malam.

Maman Sadik: Allah ya jiƙan Baba. Ƙanwata, ki biya kuɗin gadon nan yau, kada ki jira Alhamis. A hostel ɗin Ribadu na zauna. Mai karatun magunguna wuni take a lakca da ɗakin gwaji, da dare kuma ta taka da ƙafa zuwa laburaren Kashim Ibrahim ta dawo cikin 'yan uwanta. Daga Tudun Wada zuwa Samaru tafiya ce ta gaske, ga cunkoson Kwangila, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama wani abu daban. Lissafa zuwa da dawowa kwana biyar a mako ki gani. Maganar asma, ranar da ta tare ta nemi gadon bakin taga, ta buɗe kati a asibitin makaranta tun tana lafiya, kuma ta gaya wa 'yan ɗakin gaskiya. Yawancinsu suna da tausayi in an yi musu bayani.

Mai Haƙuri: Ni dai ko maƙiyina ba zan ce ya je hostel ba. Ba a Zariya na yi ba, kuma ba zan kama sunan makarantar ba. Ina aji biyu ban samu gado ba, sai wata 'yar ajin ƙarshe ta ce za ta sayar min da nata, za ta koma gidan mijinta. Mama ta sayar da tunkiyarta da ɗan kunnenta aka haɗa dubu 60 na ba ta. Ranar da na kai katifata na tarar da wata zaune a kan gadon tana tsifar kai, ita ma ta biya, ga shaidar tura kuɗi a wayarta. Muka kira mai gadon, waya a kashe. Haka muka raba, kai da ƙafa, a katifa mai faɗin taku uku. Ɗakin mutum huɗu ne amma mu goma sha ɗaya ne, kowace mai gado da 'yar sikwatin ɗinta, wato marar gado da ta raɓa da ita, wata har biyu. In za ki fita fitsari da dare sai kin haska waya kada ki taka fuskar wata. Risho biyar a ɗaki ɗaya, hijabinki na sallah ma ƙaurin kananzir yake. Bokitina na rubuta masa suna da jan farce, duk da haka sau uku ana ɗauke shi da ruwan da na bi layi tun asuba na tara. Duk wannan na jure. Saura kwana tara jarrabawa, ƙarfe ɗaya na dare aka buga ƙofa, masu bincike ne da fota, mai kula da hostel, riƙe da takardar sunaye. Duk wadda sunanta ba ya ciki aka ce ta fito da kayanta. Katifata da jakar littattafaina a baranda, ana yayyafi. Aka karɓe katin shaidata. Makonni biyu a masallacin mata nake kwana, da safe in je ofis neman kati, da rana in shiga jarrabawa. Kwas biyu na faɗi, su suka ja min ƙarin shekara. Har yau Mama ba ta san dalili ba.

Ummin Biyu: Innalillahi. Wallahi sai da na yi hawaye. Ita mai gadon kin sake ganinta?

Mai Haƙuri: Na gan ta ranar yaye ɗalibai da goyo a bayanta. Ta gaishe ni kamar ba a yi komai ba.

Injiniya 09: Allah ya saka miki, amma a faɗi gaskiya, sayen gado laifi ne a dokar makaranta, a takardar da ake sa hannu ma an rubuta. Wanda ya sayi kayan sata ba ya kuka da ɗan sanda.

Mai Haƙuri: To da a ina zan kwana, Injiniya? Ɗalibai dubbai, gadaje ƙalilan. Ka taɓa zama mace a garin da ba ka san kowa ba?

Yayar Marayu: Sannu 'yar uwa, Allah ya musanya miki. Amma namu ba saye ba ne, da sunanta ya fito. Ni tambayata hayaƙin ne, da kuma ko kuɗin hannuna zai kai haya.

Injiniya 09: Zai kai har ya yi saura. Ɗaki a Hayin Dogo dubu 25 na biya, da rijiya a gidan.

Sisto: Baba Injiniya, wace shekara ke nan? Bara ni dubu 120 na biya a Samaru, ɗaki ɗaya, banɗaki na haɗaka, ban da kuɗin ejan.

Ɗan Kwangila: An cuce ki. Ƙanena dubu 80 yake biya ta wajen Bomo.

Sisto: Shi namiji ne, ko kango ya samu zai kwana. Mace sai gida mai get da katanga. Mai banɗaki a ciki kusa da North Gate dubu 250 aka ce min, na juyo. Kuma wanda bai zauna ba ba ya lissafa kuɗin wuta, da mai garuwa, da cikon gas, da kuɗin shara. Don Allah waɗanda suka gama tun zamanin Nokia mai tocila su bar mu da muke ciki mu yi magana.

Injiniya 09: Yarinya, abin da babba ya hango yana zaune, ko kin hau rimi ba za ki gan shi ba.

Bakanon Asali: Duk ku huta. Hajiya, ki kawo ta BUK kawai. Zagezagi ko hanya ka tambaye su sai sun karɓi kuɗin ejan.

Ɗan Kwangila: Ji Bakano. Kai da za a ba ka gado a hostel, kafin magariba ka raba shi biyu ka buɗe shago a rabin.

Malam Na Bakin Kasuwa: Ana ta maganar kuɗi an manta tarbiyya. Yarinya marainiya, ga ƙanwar ubanta ta buɗe ƙofa, me ake nema kuma? Idon babba a kanta ya fi katangar makaranta.

Ummin Biyu: Malam, da girmanka, kai ba ka taɓa zama 'yar riƙo ba. Ni gidan kawuna na zauna. Mutanen kirki ne, amma kafin in fita sai na yi wanke-wanke na shirya yara huɗu, in dawo tuwon dare na jirana. Ranar da na ce ina da tes aka ce boko ya fara buɗe min ido. Zumuncin da aka so gyarawa shi ya yi tsami, shekara biyu Mama da matar kawu ba sa ga maciji.

Malam Na Bakin Kasuwa: Gidan kawunki daban, gidan Goggonsu daban.

Maman Sadik: Ta nemi bashin karatu na NELFUND ma in ta gama rajista, akwai dubu 20 na kashewa duk wata. Zai rage miki nauyin abinci.

Sisto: Wani abin da ba a faɗa ba game da haya shi ne yajin aiki. A 2022 ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta tafi ranar 14 ga Fabrairu, ba ta dawo ba sai 14 ga Oktoba. Yayata ta biya kuɗin shekara a Janairu, mako biyar ta kwana a ɗakin. Wata takwas yana kulle, ɓeraye suka cinye katifar, da ta dawo mai gidan ya ce Janairu na zuwa a sabunta, har da ƙari.

Injiniya 09: A nan kam na yarda da ke. Namu a 2020, ga korona ga yajin aiki, ɗana bai dawo ba sai ya tarar an ɓalle kwaɗo an zuba kayansa a zaure an sa wani.

Ɗan Kwangila: Ku yi adalci. Mahaifina gidan haya gare shi, da shi yake ci tun da ya yi ritaya. Shi ya tura malamai yajin aiki? Rufin da damina ta yaye wa zai gyara?

Ummin Biyu: Ba wanda ya ce ya yafe duka. Ko wata biyu ya sauke ai an san ya ji tausayi.

Yayar Marayu: Jama'a yau Laraba. Akwai mai asma da ta taɓa zama a Amina ko Ribadu? Ita nake son ji.

Sisto: Kuma kuɗin ajiya da suke karɓa wai na gyaran ɓarna, dubu 15 na ba da, na share ɗakin tas na miƙa makulli, wata bakwai ke nan ejan yana ce min mai gida ya yi tafiya. Ɗan Kwangila, tambayar min Baba, su ma haka suke yi?