Wa Ya Riga Wa Tashi?

Na'ibin Ladan, Yantala (Litinin, 5:50 na safe)
Salamu alaikum. Na ratsa ta gaban fada, wato majalisar samari masu shan shayi, a hanyar masallaci, gawayi bai mutu ba, samari kuwa sun baje a kan benci. Ga tawa, mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah za ni fara batuna,
In kira samari masu ƙin asuba.

Gamzaki ya fito, zakara ya yi cara,
Ladan ya kira, ba wanda ya duba.

Butar shayi na kan gawayi da ɗumi,
Masu ita kwance, ba su motsa ba.

Annabi ya roƙa wa al'umma albarka
A cikin sammako, ko ba ku ji ba?

Wanda hantsi ya tashe shi a shimfiɗa,
Rabonsa na yau wani ya riga ya ɗiba.

Ɗan Fada, Wadata (Litinin, 1:15 na rana)
Baba Na'ibi, barka da rana. Yanzu na gani.

Baba na ji kira, na kuma amsa,
Amma batunka da sauran duba.

Ka ratsa fadarmu da carbi a hannu,
Ba ka tambayi mai tsaron layin ba.

Babura birjik ke kwana a layinmu,
Ɓarawo bai taɓa ɗaukar ɗaya ba.

Kai kana minshari tun bayan lisha,
Mu muke gadi har kiran asuba.

Ka yi sammako, Baba, mun yarda,
Wani a hanya ya kwan, ba ka sani ba?

Telan Katako
Kai! Ɗan Fada ya gama magana. A rufe littafi.

Hajiya ta Lazare
Wace maganar ya gama? Yaro ya ce wa sa'an ubansa mai minshari, ku kuna tafi? Baba Na'ibi, kada ka ƙyale shi.

Na'ibin Ladan, Yantala
Gadi ka ce? To ina sandarka?
Kartar belot na gani, ban ga kulki ba.

Shayi na farko, na biyu, na uku,
Sukari ya ƙare, aiki bai zo ba.

Mahaifiya ta daka, ta dafa, ta rufe ma,
Ka ci da azahar, ba ka gode ba.

Manzo ya ƙi hira a bayan lisha,
Buhari ya kawo, ba ni na ƙaga ba.

Ɗan Fada, Wadata (Talata, 2:40 na dare)
Baba, ka taɓo inda ke ciwo. Ba don daɗi muke kwana a titi ba.

Aikin da ka ce, a ina aka raba shi?
Na kai takarda, ba a kira ni ba.

Lisans ɗina na nan cikin leda,
Gara ba ta ci ba, ofis bai karɓa ba.

Ɗakin kwano a watan Afrilu,
Bango na huci har ukun dare, Baba.

Kuran ya tafi, fanka ta tsaya cik,
Sauro ya shigo bai yi sallama ba.

Sai sanyin asuba ya sauko ƙasa
Ido ke rufuwa, ba lalaci ba.

Mushen Adar, Tawa
Ku yi mini haƙuri, ni mushe ne, wato malamin makaranta, ba ni cikin rigimar kwana, kunnena ne ka ciwo. Ɗan Fada, baitinka na biyu a wagga waƙa ta ƙarshe gurgu ne: ɗangon farko gaɓa goma, na biyu sha biyu. Kuma ku duka biyu, har da Malam Na'ibi da nike girmamawa, kun ɗauki amsa-amo mai arha. Duk wanda ya iya cewa "ba ... ba" ya iya wagga ƙafiya. In an cire asuba da duba da ɗiba da Baba, mi ya rage? Korewa tsantsa.

Telan Katako
Mushe, yaro na faɗin kukansa kai kana ƙirga masa gaɓa da alli? Makaɗan kokowa da suke tada fili a gasar Takobi, ka taɓa ganin sun tsaya lissafi? Ganga ke auna musu.

Mushen Adar, Tawa
Nan ina gangar take? Waƙar baka daban, rubutacciya daban. Malamanmu tun ƙarni na 19 bisa aruli, ma'aunin waƙar Larabci, sunka ɗora waƙar Hausa: kamil, rajaz, mutadarik da sauransu. Gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kowace da gurbinta. Ga mutaƙarab, ku saurara:

Da safe ake kama fara, ƙane,
Rabon mai biɗa ba shi kaiwa dare.

A Galmi manoma suna ban ruwa
Da sauran duhu, babu haushin kare.

Su kai kasuwa, kai kana shimfiɗa,
Hurarka a ƙwarya, ƙuda sun tare.

Ɗalibin Harobanda
Mushe, ashe kana cikin rigimar, ga shi ka ɗauki ɓangare. Ma'auni ya zauna, amma sai da ka ja wasalin ƙarshen "safe" da na "hurarka" kafin su shiga ƙafa. Kuma masu kamun fara da tocila suke fita tun cikin dare, lokacin da sanyi ya kama mata fiffike. Farar da ake soyawa a kasuwar Katako 'yan dare ne suka kamo ta.

Mushen Adar, Tawa
Jan wasali a ƙarshen kalma halal ne ga mawaƙi, ka tambayi malaminka. Abin da ba halal ba shi ne cusa gaɓa biyu inda babu gurbi.

Ɗalibin Harobanda
Wato in kai ka ja, lasisi ne, in Ɗan Fada ya ƙara, laifi ne.

Telan Katako
Waƙar Mushe ta auna daidai, amma ba ta motsa ni ba. Ta Ɗan Fada na ɗingishi, amma ta iso har ƙirjina.

Hajiya ta Lazare
Don kai ma tsuntsun dare ne. Kowa ya san teloli, sai Sallah ta matso ku kwana kan keke, ku kuma kasa cika alkawari.

Telan Katako
Hajiya, ɗinkin wa na riƙe?

Inna Mai Masa, Bukoki (Laraba, 10:05 na safe)
'Yata ce take karanta mini, ita kuma ke rubutawa. Na ji ku tun shekaranjiya.

Ku saurara maza, ku ji ta mata,
Ku da ke musun wa ya riga tashi.

Shinkafata tun la'asar na jiƙa ta,
Magariba ina layin inji da nishi.

Ƙullu ya kwana rufe yana kumbura,
Ni ban kwan ba, ina lissafin bashi.

Ƙarfe uku na hura wutar murhu,
Tanda ta yi zafi, mai na ƙamshi.

Ladan in ya taho buɗe masallaci,
Ni ce mai fara gaishe shi.

Ɗan fada in zai tafi kwanciya,
Masata yake ci, ya kwanta da ƙoshi.

Sha ɗaya ta wuce kafin in kishingiɗa,
Bayan tuwon maigida da ruwan wankan shi.

To ni mujiya ce ko kuwa zakara?
Mai sunan da ya dace, ya kawo shi.

Kai kuma Ɗan Fada, ɗana, tunda idonka biyu ƙarfe uku, famfonmu da dare yake kawo ruwa sosai, bayana kuma ya gaji da jarka. Ka zo ka ɗebo mini, ba zan ci ladanka ba.

Hajiya ta Lazare
Ayyururui! Inna ta kashe bakin kowa. Mushe, in ka ƙirga mata gaɓa, ni da kai ne.

Mushen Adar, Tawa
Inna, Allah shi ƙara lahiya. Amsa-amonki ya yi, kowace kalma da nauyinta: nishi, bashi, ƙamshi, ƙoshi. Baiti na biyar dai ɗangonsa na biyu ya gajarta.

Hajiya ta Lazare
Na faɗa maka!

Ɗalibin Harobanda
Gajartar ce ta ba shi daɗi. Gaisuwar asuba ba ta da tsawo.

Mushen Adar, Tawa
Daɗi daban, ma'auni daban. Haka kuke lalata harshe a Yamai, kowa shi rubuta abin da ya ga dama.

Telan Katako
To an koma Yamai da Tawa ke nan. Mushe, samarin Adar da yawa suna Abijan da Libiya wajen biɗa, wa ya rage yana sammakon da kake yabo?

Mushen Adar, Tawa
Matansu da iyayensu. Kuma wanda ya tahi biɗa ba kwana ya kai shi ba.

'Yar Jinya (Alhamis, 3:20 na dare)
Ina bakin aiki, marasa lafiya sun ɗan lafa. Waƙar Inna ce ta hana ni sukuni. Daga sha ɗaya zuwa uku awa huɗu ke nan, alhali baligi na buƙatar awa 7 zuwa 9. Ƙarancin barci na shekara da shekaru yana da alaƙa da hawan jini da ciwon sukari. Inna, don Allah ki riƙa auna jininki, ki kuma kwanta bayan kin sauke tanda, ko wanke-wanke zai jira.

Baba Na'ibi, wani abu kuma. A jikin kowa akwai agogo da ke juyawa kusan awa 24, hasken rana ke daidaita shi. Masana uku 'yan Amurka sun sami kyautar Nobel ta likitanci a 2017 saboda gano ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da shi, a jikin ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace suka yi binciken. Agogon wani na gaba, na wani na baya. Na matashi yakan ja baya, in shekaru sun tura sai ya dawo gaba. Saboda haka tashinka akwai himma a ciki, akwai kuma shekaru. An bi mafarautan Hadza na Tanzaniya kwana 20, aka tarar minti 18 ne kacal dukansu suka yi barci lokaci guda. Kusan kowane lokaci akwai mai ido biyu a zangon.

Amma Ɗan Fada, kada ka fake da ni. Sinadarin da ke cikin shayi da kofi, bayan awa biyar rabinsa na nan a jini. Ka sha na farko mai ɗaci sha biyun dare, ka ɗora hasken waya a ido, sannan ka ce zafi ne kaɗai? Ga tawa, Mushe ya yi haƙuri da ita:

Ni dai dare ne ofishina,
Allura da ƙarin ruwa ne aikina,
Mai naƙuda ba ta duba agogo,
Jariri ba ya jiran safiya, 'yan uwana.

Na'ibin Ladan, Yantala (Alhamis, 5:55 na safe)
'Yata, Allah ya yi albarka. A Suratun Naba'i Allah ya ce ya sanya barci hutu, dare sutura, rana lokacin neman abinci. Na sauya ƙafiya, Mushe ya shaida.

'Yata na ji batun likitoci,
Halitta ba ta ɗauke farilla.

Mai jinya, direba da mai gadi,
Darensu aiki ne, Allah rage wahala.

Wanda ya raya dare da belot fa,
Me zai ce ran da aka tambayi salla?

Mai son dare, ga sulusin ƙarshe,
Ya tashi tsam ya ɗaura alwala.

In rana ta take, ga dogon yaro,
Ya biya bashin ido da ƙailula.

Direban Tawa (Juma'a)
Sai yau na samu zama na karanta, tun daga ta Baba har ƙasa. Yamai zuwa Tawa ya haura kilomita 500, kuma ni ba zaɓi aka ba ni tsakanin dare da safiya ba. Mushe, kada ka auna, a tasha na rubuta.

Ƙarfe huɗu ina tasha a Yamai,
Fasinja na hamma, ina duba taya.

Dosso da fitowar rana, sai Dogon Dutsi,
A Konni mu sha ruwa, mu karkata hanya.

Gyangyaɗinku a benci ba ya kisa,
Nawa guda ɗaya, sai a bar duniya.

Goro ba ya biyan bashin barci,
Shayi ma aro ne, ku ji gaskiya.

Mushen Adar, Tawa
Ban auna ba. Amma "Dosso da fitowar rana, sai Dogon Dutsi" ya hi motarka tsawo.

Telan Katako
Hanyar ce da tsawo, Mushe. Ka taɓa ganin an gajarta ta don ta shiga mutaƙarab?

Hajiya ta Lazare
Ku bar wannan. Ɗan Fada, kwana biyu Inna na jiran amsa, ka yi shiru. Bakin da ya iya ce wa dattijo mai minshari ina ya shiga?

Ɗan Fada, Wadata (Asabar, 1:50 na dare)
Hajiya, caji ne ya ƙare. Baba Na'ibi, kalmar minshari na janye ta, sauran kuwa suna nan.

Inna na amsa, ruwa na wuyana,
Jarka huɗu kafin masu sammako.

Ladana masa bakwai masu zafi,
Da yaji, a haɗa mini kofin koko.

Baba Na'ibi, ka duba da kyau gobe,
Wa zai riga ka shiga sahun farko.

Inna Mai Masa, Bukoki
Bakwai? Ka san kuɗin mai kuwa? Biyar, kuma jarka shida. Kokon ka saya wajen maƙwabciyata.