Dutse mai rai ko na'urar tace ruwa: da wanne zan fara?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum. Na jima ina kiwon kifayen ado na ruwan daɗi, yanzu kuma ina so in gwada na ruwan teku a akwatin gilashi mai cin lita 120. Wani mai sayarwa a Legas ya ce lallai sai na sayi dutse mai rai, alhali ina da na'urar tace ruwa mai soso a ciki. Shin ba za ta wadatar ba? Idan kuma dutsen ya zama dole, me zai hana in ɗebo a dutsen Kufena da ke nan Zariya?

Baban Kifi, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babban aikin soso shi ne kama dattin da ido ke gani, amma abin da ke kashe kifi shi ne amoniyar da ke fitowa daga kashinsa da ragowar abinci. Dutse mai rai tsohon ƙashin murjani ne mai ɗimbin ƙananan ramuka, kuma cikinsu ne ƙwayoyin bakteriya suke zama suna mayar da amoniya nitirait, sannan su mayar da ita nitiret, wadda illarta ba ta kai ta farkon ba, ana kuma rage ta da canjin ruwa. Dutsen Kufena kuwa tauri gare shi, ba shi da irin waɗannan ramuka, don haka ka bar shi inda yake. Kilo 12 zuwa 15 zai ishe ka. Kada ka saka kifi sai bayan mako huɗu zuwa shida, lokacin da gwaji ya nuna amoniya da nitirait sun koma sifili.

Hajiya ta Sabon Gari:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ban goyi bayan a ɗauko jiƙaƙƙen dutse daga Legas ba, domin kafin mota ta iso Zariya da yawa daga halittun jikinsa sun mutu, su kuma ruɓe maka a ruwa. Gara ka sayi busasshe, ka zuba masa bakteriyar da ake sayarwa a kwalba, ka yi haƙuri.

Abin da ya fi damuna ma shi ne wuta. Waɗannan ƙwayoyin da iska suke rayuwa, idan ruwa ya daina motsi na sa'o'i masu yawa sai su fara mutuwa, musamman waɗanda ke cikin rufaffiyar na'ura. Ka fara tanadar inbata ko sola kafin dutse. Ga kuma zafin bazara, ruwan kuwa digiri 24 zuwa 26 yake so.

Ɗan Samaru:
Na gode, Hajiya, Allah Ya saka da alheri. To gishirin girki fa?

Baban Kifi, Tudun Wada:
Ba zai yi ba. Akwai gishiri na musamman da ake haɗawa da sinadaran ruwan teku, a narkar da shi a tataccen ruwa har ma'aunin gishirin ruwa ya nuna 1.025. Da hunturu ruwa zai riƙa raguwa da sauri, amma gishirin yana nan, saboda haka tataccen ruwa zalla za ka riƙa cikawa da shi.