Ƙwarin gwiwar mutum ɗaya da na ƙungiya, duk abu ɗaya ne?

Ɗan_Autan_Mama:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah wani abu ke ɗaure min kai. Za ka ga mutane kowa in ka ware shi gwani ne a aikinsa, amma da an haɗa su wuri guda sai gwiwa ta yi sanyi, kowa na jan ƙafa. To karsashin ƙungiya daga ina yake zuwa ne, ba na ɗaiɗaikun ake tarawa ba?

Mai_Tamola:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ba tarawa ake ba wallahi, yaɗuwa yake. Duba wasan Brazil da Jamus a gasar cin kofin duniya ta 2014, 'yan wasan Brazil ba ƙananan mutane ba ne amma da aka zura musu ta biyu sai kowa ya fara kallon na kusa da shi, cikin minti shida suka sha huɗu, aka tashi 7-1. Liverpool kuma a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a 2005 AC Milan ta ci su 3-0 kafin hutun rabin lokaci, kyaftin ɗinsu Gerrard na farke ɗaya ya dinga ɗaga hannu yana zaburar da su, suka rama duka suka ɗauki kofin a fenariti.

Tsohon_Malami:
Gaskiya ne yaro, amma kar a ɗauka ihu da zuga ne kawai. A 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Faransa da yawa sun ƙi fita kai hari bayan harin Janar Nivelle ya cinye rayuka a banza, kuma ba guduwa suka yi ba, yawancinsu suna nan cikin ramukansu suna tsaro, abin da suka ƙi shi ne a ci gaba da tura su mutuwar da ba riba. Da Janar Pétain ya karɓi ragamar sojojin daga hannun Nivelle sai ya ƙara musu hutun zuwa gida, ya gyara abinci, ya dakatar da irin waɗancan hare-hare, duk da an hukunta wasu. A ganina tushen abin yarda ce: wahalata ba ta tafi a banza ba, kuma na sama bai ɗauke ni abin yarwa ba.

Ummu_Hanan:
Baba malam ka taɓo inda nake so. Mutum shi kaɗai zai iya lallashin kansa ya daure, amma a cikin jama'a idonsa na kan adalci, in ya ga mai kwance da mai gumi ladansu ɗaya zai yi shiru ne kawai ya rage ƙoƙari, shugaba kuma yana can yana murna wai ba mai ƙorafi.

Ɗan_Autan_Mama:
Na gode sosai. Yaya Ummu, to in shirun nan ya riga ya shiga, wanda ba shugaba ba akwai abin da zai iya yi?